Ƙuri'ar Gwaggo Sanatu

Akwai wani maɗinki a Kanvili, cikin Tamale, mai suna Masahudu, wanda ya tsaya takarar asambuliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma. Tun kafin zaɓe ya ɗinka wa kansa rigar rantsuwa, don a ganinsa an gama.

Gwaggonsa Sanatu ce ta raine shi. Shekara shida ke nan ƙafafunta sun shanye, ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Duk da haka ta sa aka cike mata takardar wakilci a kan lokaci, wadda ke ba wani damar jefa ƙuri'a a madadinta. Sunan Masahudu ta bayar.

Da safen zaɓe ta miƙa masa hankici a ƙulle.

"Ɗana, ban iya karatu ba. Hoton wanda nake so yana ciki. Ka dangwala mini."

"To, Gwaggo," ya ce, ya cusa a aljihu ko kallo bai yi ba.

Rumfar zaɓenta tana can ƙarshen unguwa, ga layi, ga rana. Masahudu ya jefa tasa ƙuri'ar a rumfarsa, ya koma cikin masu yi masa kirari. Da matarsa Fadilatu ta tuna masa, sai ya yi tsaki.

"Ni da zan ci da ɗaruruwa, zan je in gasu a rana saboda ƙuri'ar gurguwa ɗaya?"

Da la'asar ya leƙa ɗakin tsohuwar, ya nuna mata tawadar da ke yatsansa. Baiwar Allah ta yi ta sa masa albarka har da hawaye.

Da aka haɗa ƙirgen rumfuna, sai aka yi kunnen doki. Masahudu ɗari huɗu da goma sha biyu, abokin takararsa Abdul-Karim ma haka. Sai an sake zaɓe.

Nan wakilin Abdul-Karim ya ɗaga murya: "A rumfarmu mutum ɗaya aka rubuta a jerin wakilci, Sanatu. Har aka rufe, wakilinta Masahudu bai zo ba."

Kowa ya juyo. Masahudu ya zaro hankicin don share gumi, ƙullin ya kwance, hotonsa shi kansa ya faɗo ƙasa. Daga fastarsa aka yanko shi da reza, a tsanake.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya durƙusa a bakin gadon Sanatu, ta dube shi ta ce:

"Tawadar da ka nuna mini, taka ce?"

"Tawa ce, Gwaggo."

"Ƙafafuna ne suka mutu, Masahudu. Ban san har ni ka binne ba."

Ranar da aka sake zaɓen, matan unguwa suka ɗauke ta a kujera har rumfa, ta dangwala da hannunta. Ba wanda ya san wa ta zaɓa. Masahudu dai ya sha ƙasa warwas, rigar rantsuwa tana nan a rataye.

Darasi: Ƙuri'ar mai naƙasa daidai take da taka. In ya wakilta ka, muryarsa ya ba ka amana, ka kai ta inda ya aike ka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu jinyar wani a gida.