Bindigar da Tsamiya ta Haɗiye

Tun kafin Bature ya ja layinsa tsakanin ƙasa da ƙasa, wurin nan da kuke zaune kuna miƙe ƙafa daji ne baƙi ƙirin. Sarkin gabas ya ce ba nasa ba ne, na yamma ma ya ce ba ruwansa. Dajin da ba mai shi kuwa na ɓarayi ne. Fatake su shigo da jakai ɗauke da gishiri da kanwa, su fita daga su sai wando, shi ma in sun taki sa'a.

A wannan zamani ne Nomau maharbi ya sauka, shi da matarsa Tasalla, wadda ta haifi kakata, da ƙanensa Jatau, da wata doguwar bindigar toka. Maroƙan yanzu suna cewa yakan kashe mutum ɗari kafin karin kumallo. Ƙarya suke yi, cikinsu suke yi wa waƙa. Bindigar nan harbi ɗaya take yi, sai an zauna an sake ɗura mata albarushi an danna da sanda. Abin tsoron shi ne ɗayan nan ba ya faɗuwa ƙasa. Shi ya sa ake masa kirari: Baƙin hadari na Tasalla, ba ka tsawa sau biyu! An ce in ya ɗaga ta, har iska tsayawa take yi ta ga wanda kwanansa ya ƙare.

Da fatake suka kai labarinsa fada, sarkin gabas ya naɗa shi Sarkin Hanya. Rawani kawai, ko jaki bai haɗa masa da shi ba. Nomau da Jatau suka haƙa rijiya gaba kaɗan da wata tsamiya. Tasalla ce ta nuna wurin, amma wa kuka taɓa ji ya yi mata kirari? Sai Nomau ya kafa doka guda: duk mai son ruwa ya rataye makaminsa a tsamiya. Daga tsamiya zuwa ciki ba a taɓa kowa, ko da jini yana ɗiga a hannunsa. Makiyaya suka yarda, fatake suka yarda, kasuwa ta ci, aka kira wurin Marataya.

Wata damina wani ɗan fashi da ake kira Kwazo ya tare ayarin da Jatau yake rakiya, ya sa masa kibiya mai dafi a wuya. Ranar da aka binne Jatau, Nomau ya ɗura bindigarsa, ya ce wannan ɗurin na Kwazo ne.

Rani ya zo da fari, tafkuna suka ƙafe har ƙasarsu ta tsage. Rannan kasuwa tana tsakiyar ci, sai ga Kwazo, leɓe duk ya fashe. Ya rataye kwari da baka a tsamiya, kowa yana kallo, ya tako zuwa rijiya. Nomau ya miƙe ya sauko da bindigarsa daga tsamiya.

“Harbe kare, Sarkin Hanya!” in ji mutane.

Tasalla tana bakin rijiya da guga a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

“Maigida, harbe shi mana. Gobe sai ka zauna ka shanye rijiyar kai kaɗai, don ba mahaukacin da zai ƙara rataye ko sanda a itacen nan.”

“Jatau fa, Tasalla?”

“Jatau ne ya haƙa ta. Ka kashe masa ita, ka ga ya mutu sau biyu.”

Nomau ya daɗe a tsaye, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar guga. Can ya juya ya saƙale bindigar a tsakanin rassan tsamiya, ya karɓi gugan ya jawo ruwa da hannunsa, ya dire gaban wanda ya kashe masa ƙane.

“Sha ka ƙoshi, ɗan banza. Ranar da ƙafarka ta wuce tsamiyar can, ni da kai ne.”

Kwazo ya sha, ya goge baki, ya dubi tsamiya, ya dubi Nomau.

“Ranka ya daɗe, ai ni garin nan ya yi mini.”

Kun ji rashin kunya! Bai fita ba. Gudu kuwa ina zai je, ga Nomau mai bin sawun tururuwa a kan dutse? Nomau ya sa maƙeri ya ƙera masa wata bindiga ta tsaron hanya, waccan ya bar ta da ɗurinta tana jira. Tasalla kuwa ba ta ciyar da ƙato a banza: ta miƙa wa Kwazo igiya, ya zama mai yasar rijiya. Ya yi aure, ya hayayyafa, ya yi furfura. Kullum da hantsi sai ya wuce ta gaban Nomau.

“Sarkin Hanya, ina kwana?”

“Yau za ka fita?”

“Sai dai gobe, in Allah ya kai mu.”

Haka har Allah ya karɓi ran Nomau. Maƙabarta tana bayan tsamiya. Da aka ɗauki makara, tsoho Kwazo ya sa kafaɗa, bai tsaya ba har ya ƙetare tsamiya. Arzika ɗan Nomau ya yi tsalle ya kai hannu ga bindigar ubansa. Ya ja, ya ja, ko motsi. Itace ya riga ya haɗiye ta, sai bakinta kaɗai a waje.

“Sauko ka binne ubanka,” in ji Tasalla. “Tsamiya ta fi ka hankali.”

Kwazo ne ya shiga kabari ya gyara masa kwanciya.

To yanzu ga ku, wai za ku karrama Nomau. Kun tara samari za su yi ta ɓarin wuta a bakin rijiya, kuma jikokin Kwazo ne a gaba, su da ya kamata su fi kowa yin shiru. Har na ji wai za a kawo zarto a ciro bindigar a sa a gilashi baƙi su gani. Mutumin da aka san shi da harbin da bai yi ba, shi za ku tuna da hayaƙi?

Bakin bindigar yana nan, zirnaƙo ya yi gida a ciki. Har yau mahauci ba ya wuce itacen nan da wuƙa a ƙugu sai ya naɗe ta cikin tsumma, soja ma da ya zo da bindigarsa a bara sai da na sa ya tsaya waje aka kai masa ruwa. Mai son karrama Nomau ya rataye abin da ke hannunsa, ya je ya jawo wa maƙiyinsa guga ɗaya. Mai zarto kuwa ya zo, zai same ni zaune a gindin tsamiyar.