Kurege Mai Rigar Ƙarangiya

Ga ta nan, ku matso ku karɓa, amma a ja baya daga bakin murhu.

Wata shekara malaman gona suka zo ƙauyen su Malam Sallau da sabon tsari. Suka ce a daina ƙona daji, a bar ciyayi a bakin kowace gona ba feshin magani, don abokan manomi su sami wurin zama. Sallau ya bi. Kafin damina ta raba, ga ƙudan zuma, ga kwaɗi, ga fakara. Har doguwar sanda ya kafa don Shaho ya riƙa sauka yana kama masa ɓarayin gyaɗa.

Sarkin ɓarayin gyaɗa kuwa Kurege ne. Kwana uku bai sa komai a baki ba, da ya leƙo sai inuwar Shaho.

"Wai abokan manomi!" in ji shi. "Ni da na fi kowa ziyartar gonar nan, ni ne bare?"

Sai ya ji Sallau yana gaya wa matarsa Tabawa cewa Bushiya ba a taɓa ta, ita ke cinye tsutsa da kunama. Kurege ya faɗa cikin ƙarangiya ya yi ta birgima, har ta manne masa ko'ina. Ya cusa jelarsa ƙarƙashin ciki.

Da gari ya waye ya shiga kunyoyin gyaɗa yana taƙama. Shaho ya ce, "Kai, wane ne?"

"Bushiya, ranka ya daɗe. Malaman gona suka kawo ni a mota. Gidan gaba ma, ba baya ba."

"Gyaɗar da ke bakinka fa?"

"Bincike. Sai na fasa nake gane mai tsutsa."

Ranar ya binciki kunya biyu.

Da gari ya waye Karen Sallau ya zo yana shinshina. "Warin kurege nake ji."

"Dole ka ji, yaya! Bakwai na kayar jiya. Sauran na cikin kogon tsamiya can."

Kare ya zura kai cikin kogo, ashe gidan rina ne. Ya dawo hanci kamar tulu. Kurege kuwa ya binciki kunya uku, yana cewa, "Ni ne ƙaya, gagara haɗiya!"

Da gari ya waye Tabawa ta iso da ƙwarya a rufe. "Sannu da aiki, baƙon alheri. Ga tukuici, a gindin randa na same ta." Ta buɗe. Kunama ce, baƙa wuluk, Allah Ya raba mu da ita.

"Azumi nake, Inna," in ji Kurege.

"Da gyaɗa a kumatu?" in ji Shaho daga kan sanda.

Kunama ta nufo shi. Ya tuna yadda Bushiya ke dunƙulewa, shi ma ya dunƙule. Jela ta yi fit ta fito. Kunama ta ɗana mata harbi.

"Wayyo jelata!"

"Yaushe Bushiya ta yi jela haka?" in ji Kare.

Tabawa ta kwaɗa masa ƙwarya, Shaho ya fizge gashin ƙeyarsa, Kare ya bi shi har bakin rami. Kwana bakwai yana cire ƙarangiya, ko kwanciya ba ya iyawa.

Duk da haka ya leƙo ya ce, "Tsarin nan da sauran gyara. Baɗi a kwaɗo zan dawo!"

Ƙurunƙus, kan jelar Kurege. Ku kuma ku riƙa kakkaɓe takalmi kafin ku sa.