Amsar Saudatu Ta Gida Goma Ce

Akwai wata ma'aikaciyar ƙididdiga a Katsina mai suna Furera, 'yar Ƙofar Kaura. Duk shekara takan koma gidajen da ta saba, ta maimaita musu tambayoyin bara: ina kuke samun ruwan sha, yaya lafiyar yara?

Shekarar da soja suka miƙa mulki, aka nemi rahoton ofishinsu, don da shi za a zaɓi inda za a haƙa rijiyar burtsatse.

Mutanen GRA duk ta same su a gida, har da lemo aka tarbe ta. Amma a wata ruga ta bayan gari, cikin gida goma sai na Saudatu kaɗai ya rage. Rijiyarsu ta ƙafe, saura sun kora shanu sun yi gaba.

Da aka tara amsoshi, sai ga Katsina ta fito fes, kai ka ce babu mai jin ƙishi.

Furera ta ce wa shugabanta, "Ranka ya daɗe, lissafin nan ya karkace. Waɗanda ƙishi ya kora su ne ba sa ciki. A ƙara wa amsar Saudatu nauyi, ta tsaya a madadin gida goma."

Shugaban nata, Malam Sammani, ya taɓe baki. "Wanda ya tafi ai ya tafi. Da kuka kike so mu tarbi sabuwar gwamnati? In kin nace, ki sa hannu ke kaɗai."

Ga kuma Saudatu da kunya, komai aka tambaye ta sai ta ce, "Sai godiya." Furera ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta koma rugar.

"Inna, yau ba bakinki kaɗai ba ne. Abin da kika faɗa, maƙwabtanki tara ne suka faɗa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ɗago. "To rubuta. Ruwan da shanu suka ƙi, shi nake tacewa da gefen zanena in ba jikokina."

Furera ta rubuta, ta gyara lissafi, ta sa hannu ita kaɗai. Wallahi irin waɗannan matan nake alfahari da su.

Rugar ta shiga sahun farko, aka haƙa rijiya. Da shekara ta zagayo, Furera ta tarar gida bakwai sun dawo.

"Inna, bana nauyinki ya ragu."

Saudatu ta yi dariya. "Alhamdulillahi, 'yar nan. Bakin gida goma akwai nauyi."

Darasi: Wanda wahala ta kora bai fita daga lissafi ba. In kana ƙirga mutane, ka tambayi ina waɗanda ba ka gani ba suka shiga. Ku tura wa duk mai riƙe da amanar jama'a.