Ranar da Mutinta ta ɗaga hannu

Akwai wata mata a Lusaka mai suna Mutinta, ƙwararriya a aikin kwamfuta. Ita ce ta gina manhajar kamfaninsu, wadda manoma ke sayar da masara da ita ta waya.

Da kasuwa ta ja baya, shugaban kamfanin, Sitali, ya zaftare rabin albashin kowa. Ya ce a yi haƙuri na wata biyu. Aka shekara. Shi kuwa kullum yana otal, wai taro.

Lokacin cin abinci, an kewaye kwanon nshima, wato tuwon masara, kowa zaki ne. Chanda, abokin aikinta, ya fi kowa baki.

"Yau sai na wanke Sitali tas!"

Mutinta ta yi dariya. "Kai? Ko tari ya yi sai ka ce masa na gode."

Aka shiga taro, Sitali ya tambaya ko akwai mai magana. Chanda ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Mutinta ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, mutane sun gaji. Wasu a ƙafa suke zuwa aiki. Ka gaya mana gaskiyar halin da ake ciki, mu ɗauki nauyin tare, har da kai."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke ce lauyarsu? Tattara kayanki."

'Ya'ya biyu take ciyarwa ita kaɗai. Amma ba ta roƙe shi ba. Ta miƙa makulli, ta yi wa kowa sallama.

Abin ya tsaya wa sauran a rai. Kafin mako ya ƙare mutum bakwai suka ajiye aiki. Chanda ne na farko.

Kaka ta zo, manhaja ta tsaya cak, ba mai gyara ta. Manoma sun tara masara, ba mai saye. Masu jarin kamfanin suka bincika, suka sauke Sitali, suka kira Mutinta ta hau kujerarsa.

Ta ce, "Ku fara mayar wa mutane cikakken albashinsu. In kuɗin bai kai ba, a rage daga nawa."

Suka amince. Cikin kwana uku masara ta fara tafiya.

Sitali ya zo kwashe takardunsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Zauna, yallaɓai," in ji ta. "Riƙon mutane ne ba ka iya ba, amma ba wanda ya kai ka iya ciniki. Muna neman mai zagaya ƙauyuka. Za ka yi?"

Ya zauna, sannan ya ce, "Yaushe zan fara, ranki ya daɗe?"

Darasi: Shugaban da ya toshe kunnensa ga ma'aikatansa, kujerarsa yake girgizawa. Faɗi gaskiya da ladabi ko da kai kaɗai ne, in kuma ka samu dama kada ka rama. Ku tura wa duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa.