Baƙin Man Amarya

Akwai wani mutum, manomin citta ne, wanda Allah ya hore masa komai ban da zama wuri ɗaya. In ya zauna ƙafarsa na rawa, in ya tsaya idonsa na kan hanya. A majami'a ma, kafin fasto ya kai ga amin shi ya riga ya fara laluben makulli a aljihu.

Mutumin nan yana da wata mota. Ranar da ya sayo ta, matan unguwa suka fito suna guɗa don tsokana, suka sa mata suna Amarya. Sunan kuwa ya bi ta, kamar yadda yakan bi mace har ta yi jikoki ana ce mata Amarya. Shekaru suka shuɗe. Motar ta sha buhunan citta, ta sha ramuka, ta sha turi. Ƙofa ɗaya sai da igiya take rufuwa. Amma tana tafiya, domin bakanikensa kullum baƙin mai mai kauri yake zuba mata. Yakan ce ƙarafan cikinta sun cinye, sun yi sako-sako, sai mai kauri ne ke cike giɓin.

Abin da ke ci wa mutumin tuwo a ƙwarya shi ne maƙwabcinsa, wanda ya sayi sabuwar mota mai tashi ba tari. Duk safiya sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Yaya Kaka ta kwana? An ba ta kununta?" Mutumin yakan yi dariya da haƙora kawai. Har fenti ya sake mata, ya kuma shafa wa furfurarsa baƙi a mako guda.

Wata safiya saƙo ya zo daga ƙauyensu na kan dutse. Inna Tabita, ƙanwar tsohuwarsa, tana kwance, jiki ya yi tsanani. 'Yan'uwan nan biyu sun daɗe ba sa ga maciji saboda wata magana da aka yi a wurin biki, wadda ba wanda ya ƙara tuna farkonta. Yanzu Tabita ta ce a kawo mata yayarta yau, tana so su yafe wa juna tun tana iya magana.

Tsohuwar ta miƙe. Ta ɗaura zanen zumuntar matan majami'a, ta ɗauki sandarta, ta je ta zauna a bayan mota tun ba a tashi injin ba.

Mutumin ya buɗe murfin injin, ya zaro sandar awon mai, ya ga man ya yi ƙasa, ya kuma yi baƙi ƙirin. Hawan dutse na gaba, dole a yi juye. Ya leƙa garejin bakanikensa, ba a buɗe ba. An ce ya ɗan jira, yanzu zai zo. Jira? Ya kai gwauro ya kai mari a bakin ƙofar, ya koma gida da sauri, ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance ƙusa, ya tsiyaye tsohon man da kansa. Sa'an nan ya tare ɗan acaɓa zuwa wani shagon mai a mararraba inda ba a san shi ba.

Shagon cike yake da galan-galan, waɗansu mutane kuma na zaune a benci suna hira. Mai shago ya tambaye shi abin da ake tambayar kowa.

"Motar sabuwa ce ko tsohuwa?"

Mutumin ya buɗe baki. Kalmar na nan a kan harshensa, ya san ta sarai. Sai ya ji kamar maƙwabcinsa na leƙowa ta katanga. Ya dubi masu benci, ya gyara hula.

"Amarya ce," in ji shi.

Masu benci suka yi masa murna, ɗaya ya ce Allah ya sa a kashe lafiya. Mai shago ya miƙo wani galan mai sheƙi, ya ce ai amarya ba a ba ta mai nauyi, wannan tsinkakke ne, shi sababbin injuna ke so. Ya ɗiga masa a yatsa. Mutumin ya murza, ya ji kamar ruwan shayi. Zuciyarsa ta ce masa wani abu, amma ya amsa mata cewa ai bai yi ƙarya ba, sunanta ke nan.

Da farko Amarya ta yi kamar ta yarda. Ta tashi bugu ɗaya, ta bi kwalta tana fito. Mutumin har ya fara waƙa yana dukan sitiyari. Tsohuwarsa dai ta riƙe sanda da hannu biyu, bakinta na motsi, tana haɗa kalmomin da za ta faɗa wa ƙanwarta.

Da suka fara hawan dutse, injin ya ɗau zafi, man ya ƙara tsinkewa. Ya bi duk wata kafa da shekaru suka buɗe. Wani ya ɗiga a ƙasa, wani ya ƙone ya fito ta salansa, shuɗin hayaƙi na bin su kamar an kunna wa ciyawa wuta. Jar wutar gargaɗi ta kama a bayan sitiyari. Ya gan ta. Ya ɗora hularsa a kanta, ya ƙara taka mai, wai saura kaɗan. Sai aka ji ƙarfe na cin ƙarfe, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sa'an nan shiru. Injin ya buga.

Ya fito ya zaga motar, ya buɗe murfi, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana ɗaga hannu, hanyar kuwa ba kowa. Ya hau dutse yana neman sabis ɗin waya, ya sauko, ya sake hawa. Rana ta take, ta karkata. Can sai ga wata motar itace, aka ɗora tsohuwar a gaba, shi kuma ya maƙale a baya.

Suna shiga ƙauyen suka ji ana buga ƙarfen majami'a, tsohon gargaren taya da aka rataye a itacen mangwaro. Ba ranar sujada ba ce. Bugun kuma ɗaya-ɗaya ne, a hankali, irin na sanar da rasuwa.

Tsohuwar ta sauko, ta tsaya ta saurara har aka gama. A hanya ya riga ya gaya mata abin da ya faru a shago, don bakinsa ma ba ya iya zama shiru. Ta dube shi, ba faɗa, ba kuka.

"Ni kullum tsohuwa kake ce mini a gaban kowa," in ji ta. "Ashe mota ce kake jin kunyarta."

Ta dogara sandarta ta shiga gidan makoki, da maganarta a baki.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Motar ita ce duk abin da ya daɗe a hannunka: aurenka, gidanku, zumuncinka, har da zuciyarka. Ba abin da zai daɗe yana aiki bai cinye ba. Man shi ne haƙuri da gafara, abin da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Sabon zumunci, 'yar gaisuwa da murmushi sun ishe shi. Wanda ya sha ramuka kuwa sai mai kauri: a zauna, a saurara, a ce na yi laifi. Tambayar mai shago ita ce tambayar da Ubangiji ke yi mana in mun durƙusa: yaya abin yake? Yana da man da ya dace da kowane inji, amma mu muke gyara hula mu ce lafiya lau. Jar wutar kuwa, kowa a cikinmu ya san wadda ya rufe da hula.

Kada kuma tsohuwar ta tsere mana. Shekaru tana da ƙafa, ƙanwarta na da rai, ta bari sai ranar da komai ya rataya a kan tsohuwar mota da ɗa mai gaggawa.

In an tambaye ka, ka ce tsohuwa ce. In kuma akwai Tabitarka a kan wani dutse, kada ka jira a buga ƙarfe.