Ƙotoci Bakwai

Akwai wani maigida da ya yi tafiya mai nisa, ya bar gandunsa a hannun wakili. Kafin ya tashi, ya yanka wa kowane ma'aikaci gayauna, wato 'yar gonar kansa, ya ce su riƙa noma ta da yamma bayan aikin gandu, don su ci da iyalinsu.

Da maigida ya daɗe, wakili ya ce, "Daga yau babu gayauna. Bakina ne doka a gidan nan." Duk wanda ya gani da fartanya da yamma, sai ya kama ta ya karya ƙotar a gwiwarsa. Ma'aikata suka tsorata, suka bar wa ciyawa gonakinsu.

Amma akwai wani tsoho a cikinsu wanda matarsa ta makance, ba su da abin dogara sai gayaunar nan. Wakili ya karya masa ƙota. Tsohon ya tsince guntayen, ya sassaƙa wata, ya koma gonarsa. Haka har sau bakwai.

Wakili ya ce, "Kai tsoho, ba ka gajiya?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, itace bai ƙare a daji ba. Wanda ya ba ni gonar nan bai karɓe ta ba."

Da kaka maigida ya dawo, ya tarar rumbunan ma'aikata wayam, sai na tsohon. Ya tambayi dalili. Sai tsoho ya kwance ɗaurin karyayyun ƙotoci bakwai a gabansa.

Maigida ya ce wa wakili, "Tsaro na ba ka, ban ba ka mutanena ba." Ya sauke shi, ya miƙa masa gizago, ya sa shi sassaƙa wa kowa ƙota.

Ma'anar wannan misali ita ce: maigida Allah ne, wakili kuwa duk wanda aka danƙa wa iko, ko a ƙasa, ko a ikkilisiya, ko a gida. Irin mulkinsa muke kira kama-karya. Ku lura da kalmar: a kama, a karya, a tsakani babu tambaya, babu shari'a, babu jin ta bakin mai abu. 'Yan'uwa, kada ku rama, kada kuma ku saki abin da Allah ya ba ku don tsoron mutum. Ku adana guntayen. Maigida yana dawowa, zai kuwa ce a kwance ɗaurin.