Abin da Ya Hana Baban Sito Taɓa Kwamfuta

Akwai wani dattijo mai kula da sayen kaya a wani asibitin gwamnati, kowa Baban Sito yake ce masa. Tun daga safar hannu har gadon marasa lafiya, ta teburinsa suke bi.

Da aka kawo tsarin saye ta intanet, sai Baba ya kafe. Yau ya ce babu wuta, gobe ya ce sabis ya ɗauke. Malamar da aka turo ta koyar da ma'aikata kuwa, a gaban kowa ya gwale ta.

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Gaskiyar magana, idanunsa ne suka gaji. Rubutun allon kwamfuta kamar tururuwa yake gani, ga kunyar a ce ya tsufa.

Ana haka ledojin ƙarin ruwa suka kusa ƙarewa a ɗakin yara, don ba a tura oda ba. Shugaban asibiti ya ce in aka tashi aiki ba a tura ba, wani zai hau kujerar Baba.

Baba na zaune, hancinsa ya kusa taɓa allo, gumi na keto masa, sai malamar ta yi sallama. Kallo ɗaya ta gane. Ta tura ƙofa ta rufe.

"Baba, rubutun nan ni ma wahalar da ni yake yi. Ka yi haƙuri in ƙara masa girma."

Haruffa suka fito raɗau. Baba ya duba, ya ce, "Ashe 'aika' aka rubuta a nan! 'Yata, nuna mini sauran."

Ta ja kujera ta zauna, amma shi ta bari ya danna komai da hannunsa. Washegari kaya suka iso.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Baba ya yanko tabarau, ya koma bin ofis-ofis yana janyo tsofaffin abokansa: "Taso, kwamfuta ba cizo take yi ba!" Ranar da aka ce za a mayar da malamar wani wuri, da kansa ya je gaban shugaba.

"Ranka ya daɗe, in 'yata za ta tafi, a haɗa da ni."

Aka bar ta.

Darasi: Ba duk mai ƙin sabon abu ne mai taurin kai ba, wani kunya ce ta ɗaure shi. Ka rufa masa asiri, ka koya masa a hankali. Ku tura wa abokan aikinku su ma su karanta.